Star Wars, Skyfall ko Sound of Music: wanne za ka fara kallo cikin fina-finan da suka ci kasuwar Birtaniya?

Fim ɗin da ya fi kowanne tara kuɗi a gidajen sinimar Birtaniya shi ne Star Wars: The Force Awakens, wanda ya fito a Disambar 2015 ya kwashi kusan fam miliyan 123. Wannan babu gardama a kai. Amma da za a juya tambayar a ce wane fim ne mutane suka fi barin gidajensu suka je suka kalla, sai sunan ya canja ya koma Gone with the Wind, fim ɗin Amurka da aka fara nunawa a Landan a Afrilun 1940, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu. Shekara 75 ke tsakanin zakarun nan biyu. Wanda ke da maraice guda da zai ba wa fim, kuma yana son ya ɗanɗani abin da Turawan Ingila suka fi yin rububi a kai, sai ya fara sanin wane jeri zai bi, domin jerin biyu ne, kuma kowanne da irin son kan da yake yi.

Jerin kuɗi shi jaridu suka fi yawo da shi. Bayan Force Awakens sai Skyfall na James Bond, na 2012, mai kusan fam miliyan 103, wanda shi ne fim na farko da ya taɓa haura miliyan 100 a ƙasar. A bayan waɗannan biyu akwai cunkoso. No Time to Die da Spider-Man: No Way Home, dukkansu na 2021, da Avatar na 2009 idan an haɗa da sake fitar da shi da aka yi daga baya, da Barbie na 2023, da Spectre na 2015, duk suna tsakanin fam miliyan 95 da 98, ta yadda bambancin na uku da na bakwai bai taka kara ya karya ba. Sai Avengers: Endgame mai miliyan 88 da ɗoriya, sannan Top Gun: Maverick da The Last Jedi da Titanic, kowanne ya ɗan haura miliyan 80. Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, a haɗe ake lissafa cinikin Birtaniya da na Jamhuriyar Ayilan, saboda masu rarraba fina-finai kasuwa ɗaya suke ɗaukarsu. Kenan kuɗin mutanen Dublin ma yana cikin wannan lissafi.

Duba shekarun da kyau. In ka cire Titanic da Avatar, duk sauran daga 2012 suka fara. Ba wai fina-finan zamani sun fi na da daɗi ba ne, tikiti ne ya yi tsada. Mai shagon da ya sayar da buhun shinkafa ɗari shekara talatin da suka wuce, da wanda ya sayar da buhu goma bana, na biyun ne zai nuna maka kuɗi mafi yawa, alhali na farkon ya fi shi ciniki nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, tun daga Avatar gidajen sinima suka samu hanyar ƙara wa tikiti kuɗi da sunan 3D da katon majigin IMAX, ta yadda mutum ɗaya yana biyan abin da ya fi na maƙwabcinsa da ya shiga ɗaki na yau da kullum.

Jeri na biyu kawuna yake ƙirgawa, ba fam ba. A 2004 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya, BFI, ta haɗa kai da tashar Channel 4 suka fitar da ƙiyasin yawan tikitin da kowane fim ya sayar tun farkon fina-finai masu magana. Gone with the Wind ya zo na ɗaya da tikiti miliyan 35, The Sound of Music na 1965 yana biye da miliyan 30, sai zanen Disney na Snow White and the Seven Dwarfs da miliyan 28. Star Wars na asali, na 1977, ya samu kusan miliyan 20.8. Na biyar kuwa wani fim ne da ko matasan Ingila na yau da wuya su san sunansa: Spring in Park Lane na 1948, wasan soyayya da barkwanci na Anna Neagle da Michael Wilding, da miliyan 20.5. Titanic na takwas yake da kusan miliyan 19.

To ina Force Awakens zai faɗo da an sa shi a wannan sikeli? Lissafin ba wuya. Matsakaicin kuɗin tikiti a 2015 ya ɗan haura fam 7, don haka miliyan 123 zai ba ka tikiti wajen miliyan 17. Skyfall, a shekarar da tikiti ke fam 6 da 'yan kai, zai tsaya wajen miliyan 16. Kenan zakaran jerin kuɗi bai kai rabin kawunan da Gone with the Wind ya tara ba, kuma da ƙyar zai leƙa goma na farko.

Sai dai kada a yi saurin cewa jerin kawuna shi ne mai gaskiya. Shi ma yana da nasa gefen da ya karkata. A 1946 an sayar da tikitin sinima biliyan 1.64 a Birtaniya, a lokacin da mutanen ƙasar ba su cika miliyan 50 ba, wato kowane mutum ya shiga sinima fiye da sau 30 a shekara idan an raba. Talabijin ba ta shiga gidaje ba, babu kaset, babu intanet, ga ƙuncin yaƙi da rabon abinci da kati. Sinima ce wurin hira, wurin jin ɗumi, wurin zuwa zance. Da talabijin ta mamaye gidaje sai kasuwar ta dinga zubewa har ta kai miliyan 54 a 1984, ƙasa da zuwa ɗaya ga kowane mutum a shekara. Daga 1985, da aka buɗe gidan sinima mai ɗakuna da yawa na farko a Milton Keynes, abin ya fara farfaɗowa, ya kai miliyan 176 a 2019 kafin korona ta sake durƙusar da shi. Fim ɗin da ya sayar da tikiti miliyan 20 a 1948 ya ɗebi ɗan kaso ne daga kogi. Wanda ya sayar da miliyan 16 a 2012 ya kwashi kusan kashi ɗaya cikin goma na duk tikitin shekarar. Bugu da ƙari, Gone with the Wind da fina-finan Disney an yi ta sake fitar da su shekara da shekaru, kuma duk an tara musu a wuri guda.

Tunda kowane sikeli da ha'incinsa, ni wata tambaya ta uku nake yi, kuma ita nake ganin ta fi amfani ga mai zaɓe: wane fim ne ya yi fintinkau a Birtaniya alhali a wasu ƙasashe bai kai haka ba? Nan ne ake ganin ɗanɗanon mutanen ƙasar tsantsa.

Force Awakens ya faɗi wannan jarrabawar, ba don ba shi da kyau ba. Shi ne na ɗaya a Amurka ma, da dala miliyan 936, kuma a duniya ya haura dala biliyan 2. Guguwa ce da ta kaɗa ko'ina, Birtaniya ta samu rabonta. Gaskiya ne yana da jini a Ingila: a ɗakunan ɗaukar fim na Pinewood aka yi yawancinsa, kuma manyan sababbin jarumansa biyu 'yan Landan ne, Daisy Ridley da John Boyega, wanda ya taso a unguwar Peckham, iyayensa 'yan Najeriya. Amma abin da ya cika gidajen sinima maƙil shi ne begen da. Shekara 32 ke nan rabon masu kallo da ganin Harrison Ford da Carrie Fisher a waɗannan matsayi, tun 1983. Waɗanda suka kalli na farkon suna yara sun dawo riƙe da hannun 'ya'yansu. Wanda bai taso da Star Wars ba zai bi labarin ba tare da wahala ba, domin mai sauƙi ne: yarinya mai tsintar ƙarafa a wata duniyar hamada, sojan da ya gudu daga rundunar azzalumai, da wani ɗan mutum-mutumi mai ɗauke da taswirar da kowa ke nema. Zai ji daɗin gudu da faɗan jiragen sama. Amma duk inda masu kallo a Landan suka ɓarke da tafi don wata tsohuwar fuska ta bayyana, shi zai zauna yana kallon dattijo kawai. Rabin abin da aka biya kuɗi dominsa ba zai iso gare shi ba.

Skyfall kuwa ya ci jarrabawar da maki mai yawa. A shekarar 2012 fim ɗin The Avengers ya tara dala miliyan 623 a Amurka, Skyfall kuma miliyan 304, wato bai kai rabi ba. A Birtaniya sai abin ya juye: Avengers, wanda a can aka sa masa suna Avengers Assemble don kada a rikita shi da wani tsohon shirin talabijin na ƙasar, ya tsaya a kusan fam miliyan 52, Skyfall ya kusan ninka shi. Kuma ba sa'a ce ta fim ɗaya ba, tunda fina-finan Bond uku ne ke cikin bakwai na saman jerin kuɗi, abin da ko a mafarki ba za ka gani a jerin Amurka ba.

Lokacin fitowarsa ya taimaka. A 2012 fina-finan Bond suka cika shekara 50 tun daga Dr. No na 1962. A bazarar shekarar Landan ta karɓi gasar Olamfik, kuma a bikin buɗewa aka nuna ɗan gajeren wasan da Daniel Craig, a matsayin Bond, ya je fadar Buckingham ya ɗauko Sarauniya Elizabeth da kanta. Ƙasar tana cikin shauƙin kanta, sai ga fim a watan Oktoba da ya zo yana magana a kan ita ƙasar. Yawancin fina-finan Bond yawon duniya ne. Wannan ya fara a Turkiyya, ya ratsa Shanghai da Macau, sannan ya dawo gida ya zauna: an kai hari hedkwatar hukumar leƙen asiri ta MI6 a bakin kogin Thames, ana tsere a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, an gurfanar da shugabar hukumar, wadda Judi Dench ke takawa, gaban kwamitin bincike ana tambayarta ko ita da hukumarta ba su tsufa ba, daga ƙarshe kuma aka ƙare a tsaunukan Sikotilan cikin tsohuwar motar Aston Martin da masu kallo suka sani tun 1964. Tambayar da ke ƙarƙashin labarin ita ce ko tsohon hannu yana da sauran amfani, kuma ba sai an faɗa ba, ƙasar da ta taɓa mulkin yanki mai faɗi na duniya, har da namu, ta ji wannan tambaya a jikinta. Mugun da ke cikin labarin, wanda Javier Bardem ya taka, ba mai son mallakar duniya ba ne, tsohon ma'aikaci ne da ke ganin uwar ɗakinsa ta ci amanarsa. Wannan ya sa labarin ya tsaya da ƙafarsa: ba ka buƙatar ka taɓa ganin wani Bond kafin ka gane shi. Sam Mendes ya ba da umarni, Roger Deakins ya riƙe kyamara, waƙar Adele ta ci Oscar. Minti 143 ne, kuma ba ya ja.

Sauran Bond biyun ba wurin farawa ba ne. Spectre ya ci albarkacin Skyfall ne, mutane suka yi tururuwa da tsammanin irin na baya, suka tarar da wanda bai kai shi ba. No Time to Die kuwa sallamar Daniel Craig ce, minti 163, kuma ya ɗauka ka riga ka san matan da abokan gaban da suka gabata. Cinikinsa ma yana da nasa labarin: an tsara fitowarsa a Afrilun 2020, korona ta sa aka yi ta ɗagawa har ƙarshen Satumbar 2021, ya zama fim ɗin da ya dawo da manya gidan sinima bayan kulle.

Na tsakiyar jerin ba sai an daɗe a kansu ba. Endgame shi ne fim na 22 a jerin Marvel, Spider-Man: No Way Home kuma daɗinsa yana ga wanda ya san Spider-Man na baya tun 2002. Shiga ɗayansu kai tsaye ɓata dare ne. Avatar don katon majigi da gilashin 3D aka gina shi, a fuskar waya sai ya koma labari mara nauyi mai shuɗayen mutane. Barbie ba'a ce a kan 'yar tsanar da kuma gardamar maza da mata ta Turai da Amurka, wanda bai san abin da ake yi wa ba'ar ba zai rasa inda ake dariya. Top Gun: Maverick ne kaɗai a rukunin nan da za ka kalla ba tare da shiri ba ka tashi da gamsuwa, amma Ba'amurke ne tun daga hula har takalmi, ba abin da zai gaya maka game da Birtaniya.

Akwai wani fim da yanzu ya sauka ƙasa a jerin amma ya ci jarrabawata kamar Skyfall: Mamma Mia! na 2008. A Amurka fim ɗin Batman mai suna The Dark Knight ya ninka shi fiye da sau uku a wannan shekarar. A Birtaniya shi ya wuce The Dark Knight da tazara, ya tara kusan fam miliyan 69, har ya ture Titanic daga kan kujerar da ya riƙe shekara goma. Mata ne suka ɗauke shi a ka, suna komawa da ƙawaye da iyaye, har aka riƙa shirya nuni na musamman inda masu kallo ke rera waƙoƙin ƙungiyar mawaƙa ta ABBA tare da majigi. Wannan ya tona wani abu da jerin kawuna ya riga ya nuna: Turawan nan da ake yi wa kallon masu sanyin jini, suna mutuwar son fim mai waƙa. Sai dai ginshiƙin labarin, budurwar da ke neman sanin wanne ne mahaifinta cikin maza uku, ba abin da za ka kunna a falo gaban surukai ba ne. Haka The Full Monty na 1997, wanda ya riƙe kambun kafin Titanic da kusan fam miliyan 52 duk da an yi shi da kuɗi kaɗan. Labarin ma'aikatan ƙarfe ne na Sheffield da aiki ya ƙare musu, kuma babu fim a duk jerin da ya kai shi nuna talakan Ingila, amma hanyar da suka zaɓa ta neman kuɗi rawar tuɓe kaya ce, shi ya sa aka hana 'yan ƙasa da 15 kallonsa.

Maganar falo ta kawo mu ga abin da zai yanke wa mutane da yawa hukunci. Kusan duk na saman jerin kuɗi hukumar tace fina-finai ta Birtaniya, BBFC, ta ba su alamar 12A, ma'ana yaro ɗan ƙasa da 12 zai iya shiga idan yana tare da babba. Ba haɗuwar sa'a ba ce, kamfanoni da gangan suke auna fim ya faɗa wannan aji don a sayar wa uba da ɗa tikiti lokaci guda. Amma abin da hukumar Landan ta ga ya dace da ɗan shekara 12 ba lallai ya dace da gidanka ba. Bond bai taɓa rabuwa da mata da giya ba, Skyfall ma yana da wurare biyu zuwa uku da za ka so rimot yana kusa. Titanic, wanda shi kaɗai ya samu gurbi mai kyau a jerin biyu, kuma yana da alaƙa ta gaske da ƙasar tunda a Belfast aka ƙera jirgin ya kuma tashi daga Southampton a Afrilun 1912 da ɗaruruwan ma'aikata 'yan garin da ba su dawo ba, yana da fitowar tsiraici da kowa ya sani. Force Awakens ya fi su tsabta ta wannan fuska, faɗa ne kawai da takubban haske.

Idan da iyali za a zauna, The Sound of Music ya fi duka, kuma alamar U gare shi, wato na kowa. Julie Andrews, 'yar Ingila, ta fito a matsayin budurwa mai shirin zama 'yar zuhudu a wani gidan ibadar Kirista a Ostiriya, aka tura ta rainon 'ya'ya bakwai na wani tsohon hafsan sojan ruwa da matarsa ta rasu, mai tafiyar da gidansa da usur kamar bariki. Ta shigo da waƙa, ta sace zuciyar yaran, daga baya ta uban, sai 'yan Nazi suka mamaye ƙasar a 1938. Duk wanda ya taso da fina-finan Indiya zai ji kamar ya san hanyar gidan: marayu, uba mai tsauri, wata attajira da ke neman auren uban, waƙa a kan tsauni, kusan awa uku. Faifan waƙoƙinsa ya yi mako 70 a matsayi na ɗaya a Birtaniya, kuma tun 1999 wani gidan sinima a tsakiyar Landan ya fara nuna shi ana rerawa tare. Masu son harbi da gudun mota za su yi hamma a awa ta farko, wannan kam babu makawa.

Gone with the Wind fa, mai kambun kawuna? Ba zan ba wa kowa shawarar ya fara da shi ba. Kusan awa huɗu ne, kuma ya zana gonakin bayi na kudancin Amurka tamkar wata aljannar da aka yi asara, bayin suna fara'a suna yi wa iyayen gidansu biyayya. Hattie McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar saboda rawar da ta taka a ciki, amma a wurin bikin a wani teburi na gefe aka zaunar da ita, nesa da abokan aikinta farare. Abin da mutanen Landan suka gani a cikinsa daban ne: 'yar ƙasarsu Vivien Leigh tana taka macen da garinta ya ƙone, ta rasa komai, ta ƙi durƙusawa, su kuma suna fitowa daga sinima su tarar da nasu garin yana cin wuta da bama-baman Jamus. Shekara huɗu ya yi ana nuna shi a tsakiyar birnin. Ɗan Afirka da zai kalle shi yau zai ga gwanintar, amma zai kalla ne yana cije haƙori, kuma gara ya shiga da saninsa.

Ni dai da za a ce in ɗauki ɗaya, ni kaɗai ko da abokai, Skyfall zan ɗauka in bar na ɗayan jerin ya jira. Wanda ya gama shi ya ji yana son ƙari, kada ya zarce Spectre don shi ne na gaba. Ya koma baya ya nemo Casino Royale na 2006, inda Craig ya fara, domin a can aka shuka matar da raɗaɗin da Spectre da No Time to Die suke ta komawa kansu. Quantum of Solace na 2008 ana iya tsallake shi ba a yi asarar komai ba.